Jagorar Sabon Shiga: Yadda Za Ka Mallaki Tsohuwar Peugeot 504 Ka Kuma Samu Gurbi a Majalisar Masu Ita

Duk wanda sha'awar tsohuwar mota ta kama, abin da ya fi saurin yi shi ne ya bazama neman motar. Shawarata ita ce ya fara neman mutanenta tukuna. Motar da ta shekara 40 ba ta zuwa da garanti, kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da daina yin irinta, littafin da aka sayar da ita da shi kuma galibi ya ɓace tun a hannun mai ita na biyu. Ilimin da ya rage yana kan tsofaffin direbobi, da bakanikai, da waɗanda suka riƙe irin motar shekara da shekaru. A cikin hirarsu ake tsintarsa, shi ya sa za ka ga matakan da ke ƙasa sun fara da zama, ba da biyan kuɗi ba.

Na ɗauki Peugeot 504 a matsayin misali domin ita ce tsohuwar motar da ta fi sauƙin riƙewa a wajenmu, amma mafi yawan abin da zan faɗa ya shafi 404 da 505 da tsohuwar Marsandi da Volkswagen Beetle.

Ka san abin da kake nema

An fara nuna 504 a birnin Paris a 1968, ta kuma ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta. Sunanta a Afirka kuwa hanya ce ta yi mata shi: a 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita, a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake ci da samfurinta mai ƙofa biyu da inji V6. A shekarar 1975 ɗin ne masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motocin Peugeot, kuma a ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da Peugeot motar aikin jami'anta. Turawa sun daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000.

Wannan tarihin yana da amfani ga aljihunka. Ma'anarsa 504 ba duka ce tsohuwa ɗaya ba. Ƙungiyar FIVA, wadda ke haɗa ƙungiyoyin masu motocin tarihi na duniya, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30. Ke nan akwai 504 ƙirar Kaduna da ba ta ma kai wannan mizani ba, akwai kuma ta farkon shekarun 1970 mai giya a jikin sitiyari wadda samun wasu kayanta sai an sha wuya. Sabon shiga ya fi dacewa da ƙirar Kaduna ta baya-bayan nan.

Mataki na farko: ka nemi wurin zama

A kusan kowane babban gari akwai garejin da aka sani da gyaran Fijo, kuma a nan masu ita ke haɗuwa ko da ba su kira kansu ƙungiya ba. Ka je da hantsi ko bayan la'asar, ka yi sallama, ka gaida mai garejin kafin kowa, ka faɗi abin da ya kawo ka a taƙaice. Kada ka soma da tambayar farashi. Wanda ya shigo da "nawa ake sayar da irin wannan?" za a ɗauke shi dillali ko mai ɗanyen kuɗi, kuma duk biyun ba a gaya musu gaskiya. Ka soma da tambayar da ke buɗe baki:

"Baba, wannan tun yaushe take hannunka?"

Daga nan aikinka saurare ne. Za a ba ka labarin yadda aka saye ta da bashin mota na ma'aikata, da yadda ta kai amarya, da ranar da fanbel ya tsinke a tsakiyar daji aka ɗaura igiya aka ƙarasa gari. Wani labarin an ƙara masa gishiri, wannan ba laifi ba ne, kada ka ce za ka gyara wa dattijo zance. Abin da za ka riƙa tsinta a ciki shi ne: me ya fi yawan lalacewa, wane bakanike ne sunansa ke ta maimaituwa da alheri, wace mota ce kowa ya san ta taɓa kifewa, wane gida ne ke da wadda aka rufe da tamfol tun rasuwar mai ita. Motoci masu kyau ba kasafai suke kaiwa bakin titi da takardar sayarwa a gilashi ba. Daga baki zuwa baki suke sauya hannu, kuma wanda aka saba da fuskarsa shi ake fara gaya wa.

Ladubban ba su da yawa. Ba a jingina da motar mutum, ba a buɗe bonet sai da izini, ba a buga ƙofa da ƙarfi, ba a kushe fentin wani a gabansa. Idan aka aiki yaron gareji sayo shayi, sa hannu a aljihu wani lokaci. Idan da hali ka roƙi wani ya zaga da kai, domin ka ji yadda lafiyayyar 504 take tafiya. In ba ka taɓa jin mai lafiya ba, ba za ka gane marar lafiya ba ranar da ka je dubawa.

Mataki na biyu: wace iri, kuma don me?

Salun ta fi daɗin zama, ita ce kuma ta dace da mai son fita ranar Juma'a ko zuwa ɗaurin aure. Wagon, musamman mai layin kujeru uku, ita ce ta yi aikin haya tsakanin garuruwa, don haka mafi yawan waɗanda suka rage sun sha lodi har ƙashinsu ya gaji. Samun mai lafiya a cikinsu sa'a ce babba. A-kori-kura ma haka, dutse da buhu sun gama da yawancinsu. Mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi kuwa tsadarsu ta wuce ta sabon shiga, ka bar su a hoto.

Injin da za ka fi cin karo da shi shi ne na fetur mai cc 1,971 da kafireto, sai ƙaninsa mai cc 1,796. Akwai na gas ƙirar Indenor, mai juriya amma mai nauyin jiki da ƙara. Akwai kuma mai allurar mai ta Kugelfischer, wanda in ya lalace mai gyaransa ba ya samuwa da sauƙi. Ka tsaya kan kafireto. Za ka ga wasu da aka cire musu injin asali aka dasa na motar Japan. Ba haramun ba ne, wasu ma suna tafiya lafiya lau, amma darajarta a wajen masu sha'awa ta ragu, kuma ya kamata farashin ya nuna haka.

Maganar kuɗi guda ɗaya ce: kada ka kashe duk abin da ka tanada wajen saye. Ni a ganina, duk abin da ka biya na motar, ka ajiye kwatankwacinsa a gefe saboda shekarar farko. In kuɗin bai kai a raba shi biyu ba, lokacin sayen bai yi ba.

Mataki na uku: dubawa

Nan ne ake cin riba ko a tafka asara, don haka zan daɗe a kai. Ka je da rana tsaka, kada ka yarda da duban dare ko na bayan ruwan sama, domin jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye aibi. Ka tafi da bakaniken da ka samu ta hanyar majalisa, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Ka riƙe tocila, da ɗan maganaɗisu, da tsumma, da sukundireba, da tabarmar da za ka kwanta a kai. Ka kuma roƙa tun a waya kada a tayar da injin kafin ka iso.

Fara da jiki, ka bar inji sai daga baya. Jikin 504 da ƙashinta abu ɗaya ne, ba gangar jiki ce da aka ɗora kan wani ƙarfe daban ba, saboda haka tsatsar da ta ci ƙasa ta ci ƙarfin motar ne gaba ɗaya. Inji ana sauke shi a gyara cikin mako guda. Ruɓaɓɓen jiki kuwa sai ya cinye kuɗin mota biyu bai dawo daidai ba.

Naɗe maganaɗisun a tsumma don kada ya karce fenti, ka bi da shi a hankali ta ƙasan ƙofofi, da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashinsu, da bakin ramin tayoyi. Inda ƙarfe ne za ka ji yana kamawa. Inda ya saki ya zame, fanabita ya cika wurin da foti an shafe da fenti. Ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa: ƙarfe yana amsawa da ƙara, foti kuwa sai ka ji shi dum. Ɗan foti a ƙofa ba abin tashin hankali ba ne, mota mai waɗannan shekaru da wuya a ce ba a taɓa goge ta ba. Amma in ka same shi a ƙarfen ƙarƙashin ƙofa ko inda ake kafa jak, ka yi godiya ka kama hanya.

Ɗaga kafet ɗin gaba da na baya ka ga daɓen da idonka. Buɗe but ka fitar da duk tarkacen da ke ciki ka haska kusurwoyi. A ƙarƙashin bonet duba kan tudun nan biyu da shokozoba ta gaba ke ɗaure a jikinsu. Tsagewa ko walda a wurin alama ce ta motar da ta sha ramuka da kaya. Duba gindin gilashin gaba, inda ruwa ke kwanciya in roba ta bushe. Sannan koma nesa kaɗan ka tsuguna ka kalli motar daga gaba da baya: ta karkata gefe guda? Tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki ɗaya ce sama da ƙasa? Ƙofar da sai an ɗaga ta kafin ta rufu tana ba da labarin hatsari ko gajiyar ƙashi. A nan motar da ta yi rayuwarta a busasshiyar ƙasa irin Kano ko Damagaram ta fi wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal, inda damshi da iskar teku ke cin ƙarfe. Sai dai ita ma ta Arewa rana ta gasa mata dashbod da robobi.

Yanzu inji. Taɓa shi ka tabbatar da sanyi yake. Zaro sandar gwada baƙin mai ka goge a farin tsumma, sannan kwance murfin da ake zuba man ka juya shi ka kalli cikinsa. In ka ga wani abu fari-fari mai kauri kamar kindirmo ya manne a wurin, ruwa yana haɗuwa da mai. A 504 wannan yana iya zama gaskit ɗin tofsilinda, yana kuma iya zama abin da ya fi haka, domin hannayen silindar injin nan zare su ake yi, ruwa ne ke zagaye da su, akwai kuma abin da ke toshe gindinsu. Bakaniken da bai san injin ba, in ya cire tofsilinda ya juya inji ba tare da ya danne hannayen ba, sai su motsa, ruwa ya samu hanyar gangarawa cikin mai. Buɗe lagireto, tun da injin da sanyi, ka ga ruwan: jan ruwa mai tsatsa yana nufin an shekara ana zuba ruwan rijiya zalla.

Sai a tayar. Tsaya a baya ka kalli salansa. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, ringi ko bawul sun gaji. Baƙi fetur ne ya yi yawa, sau da yawa saitin kafireto ne kawai. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne. Fitilar mai ta dashbod ta mutu nan take bayan tashi. In ba ta ma kama ba tun da aka murɗa makulli, tambayi dalili, don akwai masu cire mata waya. In bakanikenka yana da agogon gwada matsin silinda, a gwada duka huɗun. Abin da ake nema su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100.

Kwanta ka leƙa ƙasa. Sandar da ke kai ƙarfi baya a 504 tana cikin wani dogon bututun ƙarfe ne, ba a ganinta a fili, don haka kunne ne zai yi aiki a lokacin tuƙi. Wasu salun ɗin kowace tayar baya da nata hannun, da robobin da ke rufe gaɓoɓi. In sun yage, ƙasa ta riga ta shiga. Wasu kuma, har da wagon da a-kori-kura, gatari ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu. Duba ɗigar mai a giya da bayan mota, duba bututan birki ko sun yi tsatsa.

A tuƙi ka nemi hanya mai ɗan gargada da kuma miƙaƙƙiya. Kashe rediyo. Shiga kowace giya, ka saki totur a kowacce ka ga ko za ta fita da kanta. Taka birki da ƙarfi inda babu kowa ka ji ko tana ja gefe. Kuka daga baya mai ƙaruwa da gudu, ko ƙara "kwas" duk lokacin da ka taka ka saki, aiki ne ke jiranka. Bayan kun dawo a bar ta tana aiki a tsaye minti 10 zuwa 15, idonka na kan allurar zafi.

Mataki na huɗu: takardu kafin ciniki

Lambar casis da ke jikin motar da lambar inji su dace da abin da ke takarda, harafi da harafi. Wurin da aka buga lambar in ya nuna alamar guga ko walda, babu sauran magana. A Najeriya za ka buƙaci shaidar mallaka, da lasisin mota, da takardar lafiyar mota ta jami'an VIO, da inshora, aƙalla ta kare wanda ka yi wa ɓarna. Wadda aka shigo da ita daga waje tana da takardar kwastan; wadda ta fito daga gwanjon gwamnati tana da takardar gwanjo, ka nemi ganinta. A je ofishin lasisi a sauya suna, kada ka yi shekaru kana yawo da sunan wani.

Abin da ya fi kawo rigima a irin waɗannan motoci shi ne gado. Sau da yawa motar marigayi ce, ɗa ɗaya ne ya kira ka, sauran magada ba su sani ba. Ka tambaya kai tsaye ko an raba gadon, kuma wa ta faɗa wa. A rubuta yarjejeniya, magada ko wakilinsu su sa hannu gaban shaidu, in da hali har da mai unguwa. Kuma ka yi cinikin da mutunci. Kana sayen abin da mahaifinsu ya yi shekaru yana wankewa da hannunsa ne. Ka faɗi aibin da ka gani don a rage kuɗi, amma ban da wulaƙanta ta. Kafin ka tafi ka roƙi duk abin da ya rage: tsofaffin rasiɗai, makullin ajiya, hotuna, jak da sifana na asali. La'adar dillali kuma a yanke ta tun kafin a fara.

Mataki na biyar: makonnin farko

In motar ta yi shekaru a ajiye, kada ka kawo batir ka ce za ka buga ta a wurin. Jawo ta zuwa gareji. A cire fulogai, a ɗiga ɗan mai a kowace silinda, a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da hannu a ji ko yana zagayawa. A zubar da tsohon fetur, a sauke tanki a wanke, a wanke kafireto, a sauya duk robar da fetur ke bi. Tsohuwar robar fetur da ta tsattsage a saman inji mai zafi tana cikin manyan abubuwan da ke ƙona tsofaffin motoci, don haka abin kashe gobara ya shiga motar tun ranar farko, a inda hannu zai kai, ba can ƙarƙashin kaya a but ba.

Jerin aikin shi ne: birki, taya, sitiyari, sanyaya inji, wuta, sannan kwalliya. Kusan kowane sabon shiga yana so ya juya jerin nan ya fara da fenti, domin fenti ne abokai ke gani. Daure. A sauya man birki gaba ɗaya, tun da yana shan damshi, a kuma riƙa sauya shi duk shekara 2. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Tayar da ta tsufa ko zanenta bai goge ba ta gama aiki. Ka kuma adana rim ɗinka da kyau, domin tazarar ramukan nan huɗu na 504 milimita 140 ce, na yawancin motocin yanzu ba ya shiga.

Baƙin mai mai kauri, 20W-50, shi ya dace da injin a zafinmu. A wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, domin tofsilindar alminiyom ce, ruwan rijiya yana cinye ta a hankali. Bakanikai da yawa suna cire tamostat su yar da sunan maganin zafi. Ban yarda da wannan ba. Inji mai zafi yana da dalili, ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ba ta kamawa, ko saitin wuta ya kauce. Cire tamostat ɓoye ciwon ne kawai. A sa sabon kwantak a saita tazararsa milimita 0.4, a sauya kwandensa da fulogai, a bi wayoyi a cire duk ƙulle-ƙullen da masu gyaran wuta suka bari tsawon shekaru. Wanda zai shiga ƙarƙashin mota kuma kada ya dogara da jak kaɗai.

Mataki na shida: kaya da mai gyara

Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, Ladipo a Legas, Suame Magazine a Kumasi: a irin waɗannan kasuwanni har yanzu ana samun kayan 504, sababbi da na gwanjo. Kayan inji da birki ba su da wuya. Waɗanda ke wahalarwa su ne ƙananan kayan ado: fitilun gaba na asali, tambarin zaki, ƙarafan gefe masu ƙyalli, robar gilashi, agogon dashbod. In ka ga mai kyau ka saya ko ba ka buƙace shi yau ba. Ka riƙa zuwa kasuwa da tsohon abin a hannu a gwada, domin an yi ta sauya ƙananan abubuwa tsakanin shekaru. Abin da aka cire daga motarka kuma kada ka bari a gareji; tsohon kafireto na asali da aka gyara sau da yawa ya fi sabon jabu.

Bakanike ɗaya za ka riƙe. Ka biya shi a kan lokaci, ka sayo kaya da kanka ko ku je tare, kuma ka tsaya ka kalli aikin, ba don tuhuma ba, don koyo. Cikin 'yan watanni ya kamata a ce kai da kanka kana iya sauya fanbel, da goge kwantak, da busa jet ɗin kafireto a gefen hanya. A but a samu fanbel, kwantak, kwandensa, fulogi, fis, jarkar ruwa, igiyar ja da 'yan sifanu.

Sauran kulawar ba ta da yawa. A tayar da ita a zaga aƙalla sau ɗaya a mako har inji ya yi zafi sosai, domin zama ya fi tafiya kashe tsohuwar mota. A ajiye ta a inuwa. Lokacin hunturu a yawaita duba matatar iska, da damina a ɗaga kafet a ga ko ruwa ya shiga. A hanya kuma ka tuna ba ta da jakar iska, ba ta da birkin ABS. Ka ba na gabanka tazara, ka ɗaura bel, ka rage tafiyar dare.

Mataki na bakwai: labarin motar, da naka gurbin

Sayi littafi mai kauri ka ajiye a aljihun dashbod. Shafukan farko na tarihi ne: wa ya fara sayenta, a ina, wane aiki ta yi, hannu nawa ta bi. Koma wurin waɗanda suka sayar maka ka tambayi dattawan gidan tun suna nan. Sauran shafukan na gyara ne, kwanan wata da abin da aka sauya da wanda ya yi aikin. Labari yana ƙara wa mota daraja fiye da yadda ake zato. A 2011 an yi gwanjon farar 504 ƙirar 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, a kan kusan dala miliyan 2.5, ba don injinta ya fi na sauran ba. Taka ba za ta kai ko kusa ba, amma ranar da za ka sayar ko ka bar wa 'ya'ya, littafin nan zai yi magana. Sharaɗin kawai kada ka ƙirƙira. "Motar wani tsohon gwamna ce" zance ne da ake jinsa a kan kusan kowace baƙar 504, in babu takarda ka bar shi a bakin masu faɗa.

Ranar da ka fara kawo ta majalisa za a zagaye ta, a buɗe bonet, a nuna maka abubuwa goma da ba na asali ba. Kada ranka ya ɓaci, hanyar marabarsu ke nan. Ka ce, "Alhaji, to ina zan samu na asalin?" Sau da yawa wanda ya fi kowa kushe shi ne zai je gida ya ɗauko maka daga cikin tarkacensa.

Ba da daɗewa ba wani zai zo a bayanka, kai ne kuma za ka tarbe shi. Matsa masa a benci. Tambaye shi wace mota ce ta sa shi sha'awa, don kusan kowa yana da ta mahaifi ko ta kawu a ransa. Kada ka raina tambayarsa, kada ka yi masa dariya in ya zo da wadda aka dasa wa injin Japan, ko in bai da mota sam. In mace ce ta gaji motar mahaifinta ta zo neman shawara, a amsa mata kai tsaye kamar kowa, a haɗa ta da bakanike mai amana. Mafi muni shi ne a mai da sabon shiga kasuwa, a sauke masa ruɓaɓɓiyar motar da kowa ya san halinta. Majalisar da ta yi haka sau ɗaya ta kori mutum goma. Raka shi duba ta farko, ka ara masa maganaɗisunka.

In kun kai mota huɗu ko biyar, ku shirya fita tare. Ku zaɓi tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ko biyu ba, ku tashi da sassafe kafin rana ta yi zafi, kowa ya zo da cikakkun takardu saboda shingayen hanya. Motar da ta fi rauni ita ke gaba don ita za ta tsara gudu, sabon shiga a tsakiya, bakanike da igiyar ja a ta ƙarshe. A yi alƙawari tun daga gida cewa in ɗaya ta tsaya kowa ya tsaya, a kuma juyo da wuri yadda za a shigo gari kafin magariba.